Duk Sun Ari Takalmin Dogo

Aikin da Madam Gaggawa ta kawo wa Injiniya da safiyar nan ba aikin da za a yi gumi a kansa ba ne. Da ƙafa ta turo ƙofar ofishin kwamfuta, waya manne a kunne, turarenta ya riga ta shigowa.

"Injiniya, saƙonnin bankwanan Babanki," in ji ta. "Suna can cikin rumbunku, kowa da layinsa. Mai buga allo ya ce gurbin rubutu ɗaya ne da shi, don haka ki haɗa mini su wuri guda kafin a tashi. Gobe ne fa liyafar."

Ba ta jira amsa ba ta fice. Madam Gaggawa ita ce shugabar sashen ma'aikata a kamfanin, kamfanin da ke rarraba kayan gini, siminti da rodi da fenti da kwanon rufi. Ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Mace ce da za ta tambaye ka lafiyar gida alhali ta riga ta kai ƙarshen baranda.

Ita kuwa Injiniya ita ke kula da rumbun bayanan kamfanin, kuma wanda zai yi ritaya gobe mahaifinta ne, Baba Mai Sito. Shekara talatin da ɗoriya yana buɗe ƙofar sito kafin kowa ya zo, yana rufe ta bayan kowa ya tafi, ƙurar siminti ta shige masa gira har ba a san inda furfura ta fara ba. Tun da aka ce masa ma'aikata za su rubuta masa saƙo a buga a allo mai gilashi, bawan Allahn nan bai ƙara zama daidai ba. Kyautar ba ta dame shi ba. Abin da yake so ya ji shi ne ko wane ne shi a wurin mutanen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikinsu.

Ta jawo kujera da murmushinta. A rumbun, kowane saƙo layi ne mai zaman kansa: ga sunan wanda ya turo, ga abin da ya rubuta. Akwai umarni guda da ke bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe abin da ke cikinsu, ya ɗinke su su zama dogon zance ɗaya a gurbi ɗaya. Kai za ka gaya masa abin da zai sa a tsakani, waƙafi ne ko sabon layi. Kullum da shi take haɗa wa direbobi sunayen kayan da za su sauke a kowane shago, ido rufe ma za ta rubuta shi. Ta duba, layuka sun haura ɗari. Har ta ji ƙwalla. Ashe dai ana son tsohon nan.

Ta rubuta umarnin, ta danna. Rubutu ya cika allon kwamfuta dam, ta fara karantawa daga sama:

"Dogo, ranar da na fara aiki ba ni da takalmin kirki, ka cire naka ka ara mini, ka yini da silifa. Ba ka taɓa gaya wa kowa ba, to yau ni na faɗa. Ka je gida ka huta. Mun yafe maka, ka yafe mana. Ƙofar sito za ta yi kewar tarinka."

Dogo kuma? Ta ce wani ne ya yi kuskure, ta sauka na biyu. "Dogo, ranar da na fara aiki ba ni da takalmin kirki." Na uku ma haka. Ta murza ƙasa, ta sake murzawa, rubutun yana ta gudu, kuma duk inda ta tsayar da shi Dogo ne yake cire takalmi. Akanta ya ari takalmin. Sakatariyar Manaja, mai tafiya a kan dogon dunduniya kamar za ta karye, ta ari takalmin. 'Yan matan sashen talla, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da ake maganar, duk sun ari takalmin.

Ta fara zargin kanta tukuna, kamar yadda mai aikin kirki yake yi. Ko umarnin ne yake maimaita layi ɗaya? Ta buɗe layukan a ware, ta bi su da ido. Umarninta lafiya lau. Mutanen ne ba lafiya ba.

Sai ta ƙara masa kalma ɗaya, wadda ke cewa duk abin da ya zo sau biyu a bar guda a watsar da sauran. Dogon rubutun nan ya tsuke, ya koma 'yan guntaye da ba su cika tafin hannu ba. Ta ce to, alhamdu lillahi, ko ba komai akwai waɗanda suka bambanta, ta matso da fuska. Ina! Na farko da na biyu bambancinsu wani ne ya taɓa maɓallin tazara da kuskure. Na uku ɗigon ƙarshe ne ya faɗi. Wani kuma, Allah ya ba shi lada, ya fara goge sunan, ya gaji a hanya, ya bar "Do". Da ta share tazarar banza, ta daidaita ɗigo, ta cika sunan da aka gutsure, abin da ya rage a gurbin guda uku ne: zancen takalmi, da wani da ya rubuta "Ok", da wani da ya rubuta "Akwai abinci?"

Ta yi tsaki mai tsawo, har abokin aikinta na tebur na gaba ya ɗago ya dube ta ya mai da kai.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya, ta san Dogo. Kawu Dogo ne, tsohon direban babbar mota, aminin Babanta, wanda ya riƙa ɗora ta a wuya tana ƙarama yana tari yana dariya. Ya yi ritaya shekarun baya, bai daɗe a gida ba Allah ya yi masa rasuwa. Ta buɗe tsohon ajiyar wancan lokacin, ta nemi inda zancen takalmin ya fara fitowa. Layi ɗaya ne tak, kuma sunan da ke gefensa na mahaifinta ne. A lokacin tana makaranta, amma ta tuna Mama tana ba ta labari tana dariya, wai Baba ya kwana biyu yana tsara maganar a bayan takardar buhun siminti, sannan ya je ya buga ta da yatsa ɗaya a kwamfutar sito. Mutumin da ko barka da asuba sai ya auna kafin ya faɗa, sau ɗaya a rayuwarsa ya buɗe cikinsa. Shi ne aka ɗauko aka raba wa mutane kamar kwalin alawa.

Ta buga saƙon a takarda, ta tare Madam Gaggawa a bakin injin kwafi.

"Madam, wa ya sa wannan rubutun a fom ɗin da aka tura wa ma'aikata su cike?"

Madam ta leƙa takardar. "Au, wannan? Ni ce mana. Kin san mutanenmu da ƙyuyar rubutu. Sai na tono wani mai daɗi cikin na da, na sa musu a akwatin a matsayin misali, su gani su yi irinsa."

"Ba su yi irinsa ba. Shi suka turo. Kowa da kowa."

"To ai sun turo ko?" Ta ɗaga kafaɗa. "Na ce duk wanda bai turo ba babu shi a liyafa, kin ga kuwa ba wanda ya rage. Ba a taɓa samun haɗin kai irin wannan ba."

"Babana ne ya rubuta shi. Ya rubuta wa Kawu Dogo. Kawu Dogo ya rasu."

"Ayya, Allah ya jiƙansa," in ji Madam, idonta a kan waya. "Ki dai canja sunan. Kafin a tashi fa."

Injiniya ta tsaya tana kallon bayanta. Wallahi da a ce mugunta ce da ta fi sauƙin haɗiya, don mugu aƙalla ya san da kai. Wannan ko oho ne kawai, sanye da turare.

Ba ta haƙura ba. Ta ɗauki takarda da biro ta shiga bin ofisoshi, ita 'yar mai ritaya, tana roƙon a faɗi kalma biyu a kan ubanta. Ko a lahira ba ta fatan ta sake irin wannan yawon. Ta sami Akanta yana cin gyaɗa a kan fayil, yana hure ɓawon a ƙasa.

"Wane Baba? Au, tsohon nan da ba ya ba mutum biro sai ya kawo tsohon? Rubuta cewa mutumin kirki ne."

"Kai za ka rubuta."

"Haba Injiniya, ke da kike da kwamfuta? Rubuta ki sa sunana, na yarda da ke."

Sakatariya tana shafa jan farce, ta ce a dawo in ya bushe. Shugaban direbobi, wanda Baba ya tsaya masa a gaban Manaja lokacin da aka so korarsa, ya sosa ƙeya ya ce ai ya riga ya tura nasa tun shekaranjiya, kuma har ya ji ana yaba shi. Ta tambaye shi abin da ya rubuta. Ya ce, "Kin san dai irin abin nan, fatan alheri da sauransu." Bai ma karanta ba. Ba wanda ya karanta. Sun ga akwati a cike, sun danna, sun koma ga hirarsu. Wata a sashen talla har cewa ta yi, "Dama Babanki ne? Kai, ba ku yi kama ba," kamar ta yi mata kyauta.

Ta dawo da takardarta fara fat in ban da "mutumin kirki ne" na Akanta, shi ma da tabon mai a gefe. Ta zauna ta ce to, ita za ta rubuta. Ta tsara sakin layi guda da sunan dukan ma'aikata, ba ƙarya a ciki, ba takalmi: zuwansa da wuri, riƙon amanarsa, yadda yake ɗaure wa leburori hannu in rodi ya yanke su. Ta buga, ta nufi ofishin Manaja, tunda shi zai karanta gobe.

Ta tarar da shi ya gama cin abincin rana, yana sakace da kusurwar katin wani baƙo, yana duba abin da ya fito. A gabansa ga zancen takalmin, Madam ta riga ta kai masa.

"Injiniya! Shigo. Kin ga abin da ma'aikatana suka rubuta? Wallahi ya taɓa ni. Tun ɗazu nake gwadawa. In na zo wajen silifar nan zan ɗan dakata, in cire tabarau."

"Yallaɓai, ba ma'aikata suka rubuta ba. Baba ne ya rubuta wa marigayi Dogo. Ga wani na kawo, in ka yarda a sa shi."

Ya karɓa da yatsu biyu masu maiƙo, ya bi shi da ido rabi, ya ajiye kofin shayi a kai.

"Wannan ai kamar takardar shaidar aiki. Ba ya sa kuka. Wancan kuwa," ya sumbaci yatsunsa. "Kika ce shi ya rubuta? To ai ma ya fi! Kayansa ne muka mayar masa. Kuma tsoho ne, Injiniya, shekara nawa yanzu? Ina zai tuna? Ni abin da na faɗa jiya ma ba na tunawa."

"Yallaɓai, zai ji kunya a gaban mutane."

"Wane mutane? Wa ya sani in ba ke ba?" Ya yi dariya, ya koma ga haƙorinsa. "Ki sa saƙon sau ɗaya, ki jera sunayenmu a ƙasa. Murya ɗaya, iyali ɗaya. Nawa a farko."

Ta fito ta koma teburinta. Ta yi tunanin ta ɓata aikin, ta ce rumbu ya samu matsala. Amma me zai hana? Rubutun yana wayar Madam, yana teburin Manaja, da ita da babu ita gobe sai an karanta shi. Abu ɗaya ne ya rage a hannunta, shi ne kalmar farko. Madam ta zo ta tsaya a kanta ana dab da tashi, tana kaɗa makullin mota.

"Ko ki canja, ko in tura haka da Dogonsa. Ni duk ɗaya ne a wurina."

Injiniya ta kalli sunan. In ta bar shi, za a kira ubanta da sunan mamaci a gaban taro. In ta cire, wataƙila, wataƙila dai, maganar ta wuce ta kunnensa bai gane ba. Ta sa yatsa ta goge haruffa huɗun nan, ta rubuta "Baba Mai Sito". Sannan ta sake kiran umarnin, wannan karon a kan sunaye, ya ɗinke su da waƙafi, na Manaja a gaba. Sunayen kam sun fito reras, kowanne daban, ba maimaici ko ɗaya. Ta tura, ta je ta wanke hannu da sabulu har sau biyu.

A hanya ta ƙudura za ta gaya masa. Gara ya ji daga bakinta a cikin ɗaki da ya ji a gaban mutane. Ta shiga gidan da sallama ta tarar da shi a falo yana goge rigarsa da kansa, ya hana kowa taɓawa, Mama tana zaune tana tsinke masa zare a hula tana tsokanarsa.

"Zo ki ga ango," in ji Mama. "Tun la'asar yake gaban madubi yana wa'azi. Ni da na aure shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba."

"Ƙyale ta, Uwata," in ji Baba. Haka yake kiran Injiniya, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Godiya nake shiryawa. Mutane sun ɓata lokacinsu sun yi rubutu, ai ba ka tashi ka ce na gode kawai ka zauna ba." Ya ɗaga dutsen guga, ya dube ta ta ƙasan gira. "An ce a hannunki abin ya bi. Da yawa?"

"Da yawa, Baba."

"Har su Akanta?"

"Har shi."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Ka ga mutum. Kullum muna faɗa a kan biro, ashe ba ya riƙe ni a zuci. Kar ki gaya mini abin da suka ce, bari in ji gobe." Ya juya hannun rigar ya ci gaba da guga. "Kin san, Uwata, mutum yana aiki yana aiki, bai san ko ana ganinsa ba. Ba wai don a yaba ba. A dai ce an gani."

Maganar tana bakinta, ta haɗiye ta. Ta ce tana da ciwon kai, ta shige ɗaki ko abinci ba ta ci ba. Addu'arta ɗaya ce, kuma ita kanta ta ji kunyar yin ta: Allah ya sa tsufa ya ci ƙwaƙwalwar ubanta daidai wurin nan.

Washegari aka share ɗakin taro, aka jera kujerun roba, aka rataya balan-balan da suka rage daga wata liyafar. Ɗakin ya cika maƙil, kuma duk wanda ya shigo teburin abinci yake fara kallo kafin ya kalli mai ritaya. An zaunar da Baba a gaba cikin rigarsa mai kari, Mama a gefensa. Injiniya ta tsaya jikin bango inda za ta riƙa ganin fuskarsa.

Manaja ya miƙe da allon a hannu, gilashi yana ƙyalli, sunaye sun cika rabinsa. Ya gyara murya.

"Wannan saƙo," in ji shi, "daga zuciyar kowannenmu ya fito. Baba Mai Sito, ranar da na fara aiki ba ni da takalmin kirki."

Yana faɗa yana tsaye cikin takalmin da ake ganin fuska a jikinsa. Ya iso wajen silifa, ya dakata, ya cire tabarau, ya matse ido har ya samu ɗan ruwa. Madam ta ce "Ayya!" da ƙarfi don a ji, 'yan talla suka amsa mata. A baya kuwa an riga an buɗe kulolin shinkafa, ana jin ƙarar cokali. Akanta yana tura cinyar kaza cikin leda a ƙarƙashin kujera, bakinsa cike, yana gyaɗa kai wai maganar ta ratsa shi. Da aka zo "kewar tarinka" wani ya yi tarin wasa, aka fashe da dariya, aka yi tafi. Baba bai taɓa yin tari a sito ba. Ba wanda ya lura, to dama wa ya taɓa saurarensa balle ya sani?

Ita fuskarsa kawai take kallo. Ba ta ga komai ba. Ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, kansa a ɗan sunkuye, kamar yadda yake zama in ana karanta masa takardar kaya. Da aka gama ya tashi, ya karɓi allon da hannu biyu, aka ɗauki hoto. Sannan ya yi godiyarsa da ya shirya, bai rage komai ba. Ya kira mutane da sunayensu, ya tambayi wannan jikin mahaifiyarsa, ya yi wa wancan barka da haihuwa, ya roƙi gafarar duk wanda ya taɓa hana wa biro, aka yi dariya. Rabin ɗakin suna tauna. Ya yi musu addu'a, ya zauna.

Injiniya ta saki numfashi. Ya wuce, bai gane ba. Ta ji sauƙi, ta kuma ji ƙyamar sauƙin, amma ta karɓe shi haka. Madam ta wuce ta gefenta da faranti biyu ta ce, "Kin gani? Da kin tayar da hankalinki a banza."

Mama ta bi wata maƙwabciya da ta zo taya su murna, don za su biya kasuwa. Saura su biyu a motar Injiniya, Baba a gaba, allon a kan cinyarsa. Suka fita daga harabar kamfanin, mai gadi ya ɗaga hannu, Baba ya ɗaga masa. Suka shiga cunkoson yamma. Tana ta neman abin da za ta faɗa mai daɗi, ta ce, "Baba, godiyarka ta yi kyau."

Ya kau da kai. Yana kallon titi. Sai da suka tsaya a danja sannan ya yi magana, a hankali, kamar da kansa yake yi.

"Ya yi mini yawa, takalmin. Kin san ƙafar Dogo. Sai da na cusa takarda a gaba."

Ta juyo ta dube shi.

"Baba..."

"Duka ne? Ko akwai wanda ya rubuta nasa?"

Ta so ta yi ƙarya. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. "Duka ne, Baba. An sa musu shi a matsayin misali, suka tura haka. Na bi su ofis-ofis, na kai wa Manaja wani, ya ƙi. Na so in gaya maka jiya."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya sa babban yatsa yana shafa gilashin daidai layin farko, inda aka rubuta Baba Mai Sito da manyan haruffa.

"Da suka tura, da sunansa suka tura?"

"Da sunansa."

"To wa ya cire?"

Danja ta ba da hannu. Na baya suka fara hon. Ta kasa ɗaga ƙafarta daga birki.

"Ni ce, Baba. Don kar a kira ka da sunan wani a gaban mutane."

Ya sake duban layin farkon. Sannan ya juya allon ya kife shi a cinyarsa, ya ɗora hannuwansa a kai.

"Da kin bar shi, Uwata," ya ce. "Shi kaɗai ne gaskiya a ciki."

Wani mai babur ya zagayo ta gefenta yana zagi, ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya nuna mata hanya da haɓa.

"Mu je. Muna tare wa mutane hanya."